Abin da Baffa Sambo Bai Faɗa a Kaduna Ba

Tun ranar da na dawo daga Kaduna ban samu sakat ba. Duk wanda ya tare ni, a bakin masallaci ko a teburin mai shayi, tambayarsa ɗaya ce: "Malam Habu, yaya taron manya? An ce a bene kuka kwana, kuna cin kaji safe da yamma." Har Alhaji Ɗanlami mai kanti, mutumin da bai taɓa tambayar lafiyata ba, wai shi ya ga na yi ƙiba. Ƙiba! Ni da na dawo wando yana zame mini daga ƙugu. To, na gaji da ba da labarin nan guntu-guntu, kowa ya tsinci wanda ya yi masa daɗi ya wuce. Ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku bar ni in sha iska.

Saboda baƙon da takardar nan za ta faɗa hannunsa, bari in fara da dalilin tafiyar. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma tun da na ajiye alli aka ɗora mini shugabancin kwamitin lafiya na yankinmu a mazaɓar Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram. Muƙami ne mai dogon suna, amma aikinsa bai wuce sa a share harabar asibiti da roƙon iyaye su kai yara rigakafi ba. Bara da kaka, kububuwa ta sari babban ɗan Baffa Sambo, dattijon Fulanin da ke zaune a gabas da mu, yana ɗaga damin gero a gonarsu. Aka kawo shi ɗan asibitinmu na ƙauye, babu allurar dafin maciji. Kashegari ya cika a hanyar Birnin Kudu. Ba shi ne na farko ba. Kusan kowace kaka sai mun haƙa kabari saboda wannan abu, alhali a asibitin nan akwai firji mai sola da ake ajiye maganin rigakafi, rabinsa fanko. Buƙatarmu ke nan ba ta da yawa: a ajiye mana allurar a cikin firjin nan kafin a fara yankan gero, a koya wa ma'aikacinmu yadda ake yin ta.

Sai ga wata baiwar Allah, Hajiya Binta, ma'aikaciyar wata ƙungiya da ke taimakawa wajen shirya taron da manyan harkar lafiya ke yi shekara-shekara. Taro ne da suke barin ofisoshinsu, su ƙaura wani gari, su kulle kansu a otal, su yanke abin da za a sa a gaba a shekara mai zuwa. Ta zo duba asibitinmu ta ji labarin, sai ta ce mini, "Malam, mutanen nan sun ƙoshi da rahoto. Amma in uban yaron ya tsaya a gabansu ya faɗa da bakinsa, wallahi ko dutse ne a ƙirjinsu sai ya motsa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kai kuma ka zo ka juya maganarsa da Turanci saboda waɗanda ba sa jin Hausa."

Na ce mata, "Hajiya, ɗan fari ne fa." Ta ce ai shi ya sa zai fi taɓa zuciya. Ba ta gane inda na dosa ba, ni kuma ban tsaya na warware mata ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, a gidan Fulani kuwa abin ya ninka. Na koyar da yaron nan tun yana aji ɗaya, ban taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Uwarsa ma haka. Matarsa kuwa ba ta kiran sunan miji. Wato ya mutu ya bar gidan da babu mai iya ambatonsa. Ni ma a labarin nan ba zan riga uban faɗa ba.

Da Hajiya Binta ta je har gida ta roƙe shi, Baffa ya dubi ƙasa ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ita ta ɗauka ta gama aiki.

Ranar tafiya na je ɗaukarsa bayan an idar da sallar asuba. Na tarar ya shirya tsaf: farar riga, rawani, malfa a rataye a baya, buzun sallarsa a naɗe, ga sandarsa. A gefe kuma ga kwalbar man shanu da zabi biyu an ɗaure musu ƙafa. Na ce, "Baffa, waɗannan fa?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Malam, za mu je wurin mutane da roƙo, mu je hannu rabbana?" Muna shirin fita sai Inna, matarsa, ta kira ni daga bayan zana. Ba ta fito ba, muryarta kawai na ji. Ta ce, "Malam, ka san halinsa. Ka taimake shi. Ƙannen yaron nan biyu gonar nan za su shiga bana." Na ce in Allah ya yarda, Inna. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, kamar abin a hannuna yake.

Babur ya kai mu Gwaram, zabi suna ta ƙara a tsakanin ƙafafuna. Daga nan muka shiga ƙaramar motar haya zuwa Birnin Kudu, mu huɗu a kujerar baya, wata mata mai buhun zoɓo ta danne mini cinya har ƙafata ta mutu. Gero ya yi kai dama da hagu, kowa a motar yana yaba damina. Baffa ma ya sa baki, har ya yi wa direba tsiya a kan yadda yake shiga ramuka kamar yana neman wani abu da ya ɓata a ciki. Amma da muka kusa wata tsamiya da ke gefen hanya, ita kaɗai a bakin wani kwalbati, sai ya yi ɗif. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya juya fuska ɗaya gefen, bai sake cewa uffan ba sai da muka shiga tasha. Na san wurin.

A Birnin Kudu muka karya da ƙosai da kunu, wato ni na karya. Baffa ya ce ya ƙoshi. Muka samu bas ta Kano, muka bi ta Kwanar Huguma, muka haye gadar Wudil, Baffa yana leƙen ruwa yana cewa wanda ke da wannan kogi a bayan gidansa me zai sa ya kai shanu kudu. A Kano ne, bayan mun shiga motar Kaduna, kwalbar man shanu ta yi mana tsiya. Rana ta narkar da shi, murfin ya saki, ya bi ta ƙarƙashin kujera ya jiƙe jakar wani saurayi mai abin jin waƙa a kunne. Saurayin ya taso da masifa, amma da ya ga Baffa ya ciro gefen rigarsa zai goge masa jakar, kunya ta kama shi, ya riƙe hannunsa yana cewa, "Haba Baba, bar shi, ai albarka ce." Har Kaduna motar nan ƙamshin tuwon biki take yi.

Inda raina ya fara ɓaci shi ne wani shingen jami'an tsaro bayan mun fita daga ƙasar Kano. Ba a neman fasfo a wurin, amma wallahi ka ce wata ƙasa za ka shiga. Wani mai kaki ya leƙo, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan malfa da sanda. Ya ce Baffa ya sauko. Mutumin da ya yi jika da shi! Ya tambaye shi da gurɓatacciyar Hausa ina shanunsa, ina za shi, me zai yi da sanda. Baffa ya ce, "Shanu suna gida. Sanda kuwa ƙafata ce ta uku." Na diro daga mota ina huci, na ciro waya ina nuna saƙon gayyata, ina zuba Turancin da na shekara ban taɓa ba. Da ƙyar aka sake mu. Da muka koma mota ina ta faɗa, Baffa ya dafa gwiwata ya ce, "Malam, bar shi. Yaro ne, rana ce ta dake shi." Na dubi mutumin nan na ce a raina, wanda ba ya iya kai ƙarar wanda ya wulaƙanta shi yanzu-yanzu, yaya zai kai ƙarar mutuwa?

Mun isa otal da la'asar. Ku da kuke tambayar bene, e, bene ne, har da akwatin ƙarfe da ke hawa da mutum sama. A ƙofa masu gadi suka ce zabi ba za su shiga ba. Aka yi ta ja-in-ja har Hajiya Binta ta fito tana dariya, ta sa aka kai su wajen masu dafa abinci. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, kuma har muka taho babu wani babba da ya san an kawo masa gaisuwa. Aka rataya wa kowannenmu kati a wuya da sunansa. Baffa ya juya nasa ya ce, "Haka ake yi wa shanu in an yi musu allura." Ɗakin kuwa ba shi da makulli sai wani kati, in ka fita ka bar shi a ciki ka zama baƙo a ƙofar ɗakinka. Hakan ta same mu tun kafin magariba, muka tsaya a baranda da butoci a hannu kamar waɗanda aka kora. Sanyin na'urar ɗakin ya hana Baffa sakewa, gadon kuma ya ce yana haɗiye mutum, sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa.

Abinci kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. An jera tukwanen ƙarfe masu murfi, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi ya ɗebi son ransa. Manyan mutane da furfura, kowa riƙe da faranti yana zuba wa kansa, babu mai cewa wani bismilla. A gida in baƙo ya zo sai a kai masa ɗaki, a rufe da faifai, a ja masa ƙofa. Baffa ya tsaya a bakin zauren ya ga maza da mata suna tauna a gaban juna, ya juya. Ya ce shi ba ya jin yunwa. Mutumin da rabonsa da abinci tun jiya! Sai na zuba shinkafa da nama na kai masa ɗaki, na fita na ba shi wuri. Da na dawo farantin fes. Haka muka yi ta yi har muka bar garin.

Kashegari da safe kafin mu sauka, na zaunar da shi. Na ce, "Baffa, yau ce ranar. Za su ba ka ɗan lokaci kaɗan. Kada ka tsaya dogon gaisuwa. Ka gaya musu ɗanka ne, ka faɗi sunansa, ka faɗi yadda aka yi." Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Na ji, Malam. Amma ni ma ina da roƙo. Abin da bakina ya faɗa, shi za ka kai musu. Kada ka ƙara mini gishiri. In ka sa mini maganar da ban yi ba a gaban mutane, ka tuɓe ni." Na yi masa alkawari.

Zauren taron ya fi masallacin Juma'armu girma. Al'adunsu kuwa sai wanda ya gani. Da farko kowa ya tashi ya faɗi sunansa da muƙaminsa da bakinsa, ya yabi kansa, babu maroƙi. In wani ya gama magana sai a ce a yi masa tafi na musamman, manya da manyan riguna su tafa sau uku su harba hannu sama kamar 'yan aji biyu. Akwai wata yarinya a gaba riƙe da ƙararrawa, in lokacinka ya cika ta kaɗa, ko kai wane ne. Aka yi ta haska zane-zane a bango, layi ya hau, layi ya sauka, mutuwar mata, mutuwar yara, duk an mai da su tsaunuka masu launi. Ba na ce mugaye ba ne. Na ga masu ƙoƙari a cikinsu, na ji maganganu masu ma'ana. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa ɗakunan da ke gabansu sun yi yawa.

Dab da shan shayin hantsi Hajiya Binta ta karɓi abin magana. Ta ce an kawo wani dattijo daga Gwaram da zai faɗi abin da ya same shi. Muka fita gaba, ni da Baffa. A kan babban tebur ga waɗanda ke da ikon cewa a yi, a yi, duk sun ajiye wayoyinsu suna kallonsa. Wallahi a lokacin na ji a jikina cewa in ya buɗe baki, allurar nan ta zo.

Ya yi sallama. Ya gai da shugabanni, ya tambaye su gajiya, ya tambayi iyali. Ya gode da masauki, ya gode da abinci. Ina juyawa da Turanci ina taƙaitawa, ina taka masa ƙafa a hankali. Shugaban zaman, wani mai fara'a, ya katse shi cikin ladabi ya ce, "Baba, mun gode. Yaya lafiyar jama'arku? Wace matsala ce ta fi damun ku?"

Baffa ya ce, "Lafiya lau. Mun gode Allah, mun gode hukuma."

Na juya kamar yadda ya faɗa. Hajiya Binta ta matso ta ce, "Baba, gaya musu abin da ya faru bara da kaka." Ya dubi taron nan, ɗaruruwan idanu, maza da mata, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hotonsa. Na ga hannunsa ya damƙe sandar har jijiyoyi suka tashi. Ya buɗe baki ya rufe. Sannan ya ce, "Wani yaro ne a wajenmu. Maciji ya taɓa shi. Kwanansa ne ya ƙare."

Shi ke nan. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ke tuna wa mutum alkawari. Abin magana yana hannuna. Kalma nawa ce? Ɗansa ne, ɗan farinsa, a hannunsa ya mutu. Muryar Inna tana kunnena, idon Baffa yana kaina. Na juya abin da ya faɗa, ban ƙara ko wasali ba. Shugaban ya ce Allah ya jiƙansa, ya yaba wa dattijo da irin tawakkalinsa. Yarinyar nan ta kaɗa ƙararrawa. Aka ce a yi wa Baba tafi na musamman, aka tafa sau uku aka harba hannu sama. Ban taɓa jin tafi mai ciwo irin wannan ba.

Wajen shan shayi wani tsohon likita mai farin gemu ya nemo mu a lungun da muka raɓe. Ya kama hannun Baffa da hannu biyu, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na fari ne, ko?" Baffa ya kau da kai yana kallon bango. Likitan ya ce, "Ubana ma haka yake. Har ya rasu bai kira sunana ba." Ya daɗe riƙe da hannun. Ya gaya mini a gefe cewa ba shi kaɗai ya gane ba, duk ɗan Arewa da ke zauren ya gane, amma masu rubuta sakamakon taro abin da aka furta suke rubutawa, kuma an furta lafiya lau.

Kada ku ce na naɗe hannu. Da aka raba mu ƙungiya-ƙungiya bayan azahar na tashi na zazzage komai, firji da sola da kaburbura, har muryata ta dushe. Amma ashe wata al'adar taron ita ce manya ba sa wuce zaman safe. Kujerun babban tebur duk sun zama fanko, motocinsu sun daɗe da fita. Waɗanda suka rage suka saurare ni da tausayi suna gyaɗa kai.

A rana ta ƙarshe aka manna manyan takardu a bango, kowace da matsala ɗaya, aka raba mana 'yan ƙananan tambura masu danƙo, wai kowa ya liƙa a kan wadda ya ga ta fi muhimmanci. Ta haihuwa ta cika maƙil, ta zazzaɓi ma haka, kuma wa zai ce ba su cancanta ba? Tamu tana can ƙarshe kusa da ƙofa. Na nuna wa Baffa ita. Ya liƙa nasa, ya ɗora babban yatsa a kai ya danna, ya daɗe yana dannawa kamar mai dangwala ƙuri'a. Na liƙa nawa, tsohon likitan nan ya liƙa nasa, da wasu 'yan tsiraru. Da aka karanta sakamako, aka ce batun saran maciji za a ci gaba da nazari a kai, a dubo shi a taron baɗi. Hajiya Binta ta rako mu har bakin titi idonta ja wur, tana ba mu haƙuri, tana cewa ba za ta bar maganar ba. Baffa shi ne ma yake lallashinta, yana sa mata albarka.

A hanyar dawowa ban yi masa magana ba. Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa. Har cewa na yi a raina hali zanen dutse, mun sha wahalar banza. Muka wuce shingen nan babu wanda ya kula mu, muka wuce Kano, muka sauka Birnin Kudu rana ta karkata. Muka shiga motar Gwaram tare da wani mai sayar da taki, da mata biyu da suka taso daga dubiya a asibiti, da wani ɗan sanda da ya tashi daga aiki.

Muna kusantar tsamiyar nan sai na ji Baffa ya ce, "Direba, tsaya." Direba ya ɗauka fitsari ne, ya gangara gefe. Baffa ya sauka ya tafi gindin bishiyar ya tsaya, ya dogara sanda. Na bi shi. Bai dube ni ba, bai kuma rage murya ba, duk wanda ke motar yana ji.

Ya ce, "Nan ne. Nan motar ta tsaya, don ya ce a sauke shi yana son iska. Na ɗauko shi a ƙirjina, ni da ban taɓa ɗaukarsa ba tun yana jariri. Jini yana fita ta dasashinsa, ta hancinsa, har ta tsohon tabon da kaho ya yi masa a ƙafa. Ina sharewa da rawanina yana dawowa. Ya ce mini, Baffa, an ɗaure sauran geron? Na ce an ɗaure. Ya ce, Baffa, da nisa? Na ce mun kusa. Ya ce ƙishirwa. Babu ruwa a motar. Na aika a nemo a waccan rugar, kafin a dawo ya dube ni, ya yi ta dubana, kamar yana jiran in ce wani abu."

Matan nan biyu sun riga sun sauko, ɗaya ta toshe baki da mayafi. Direba ya kashe mota.

"Na san abin da yake jira. Ban faɗa ba." Ya durƙusa ya dafa ƙasar wurin da tafin hannu, ya ce, "Hamidu. Hamidu. Ɗana Hamidu."

Ni dai ban san lokacin da na zauna a bakin kwalbatin nan ba. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Mai taki yana ta innalillahi, ɗan sandan ya cire hularsa ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Babu wanda ya ce a yi sauri. Mu shida ne muka ji jawabin da aka tara ɗaruruwan mutane a Kaduna don su ji, kuma a cikinmu babu mai ikon sayen ko kwalba ɗaya ta allura.

Can Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara rawani ya rufe bakinsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba sai ka juya da Turanci ba." Muka koma mota.

Mun isa gida ana kiran magariba. Na raka shi har ƙofa, ƙannen marigayin biyu suka taso suka karɓi buzu da malfa. A tsakar gida na hango laujensu an wasa an jingine. Baffa ya wuce wajen shanu. Na juya zan tafi sai na ji muryar Inna daga bayan zana.

"Malam, kun dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

Ta ce, "Ya faɗa?"

Na ce, "Ya faɗa, Inna."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ban gaya mata inda ya faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

To, masu tambayar kaji da bene, kun ji yadda taron manya ya kasance. Jiya na leƙa asibiti, firjin yana nan yana aiki, da sanyinsa, rabinsa fanko. Jibi za a fara yankan gero.